Neman Baƙin Tawada Har Garwa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya halicci baƙi da fari. Tun da na dawo daga Garwa ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a dakalin masallacin unguwarmu a Yola Gari sai wani ya matso: "Modibbo Sa'adu," haka ake kiran malami a wajenmu, "wai da gaske dorina ta bi ku?" Kafin in amsa, wani ya ce shi ji ya yi an tsare ni a kan iyaka da buhun magani. Na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, ni kuma in sha shayina.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar wani ɗan littafi na waƙoƙin wa'azi da ya tsara da kansa, ya rubuta da ajami. Gara ta ci gefensa, damina ta ci tsakiyarsa. Yayata Adda Dudu, wadda ke zaune a bakin tafkin Njuwa tana kiwon agwagi, ta fi kowa son waƙoƙin nan. Idonta na dama ya riga ya rufe. Na hagun kuwa, likita ya gaya mana gaskiya, ya ce kullum raguwa yake, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ran nan ta aika aka kira ni.

"Sa'adu, ka kwafe mini littafin Baba da manyan baƙaƙe, in karanta da idona ko sau ɗaya kafin a kashe mini fitilar. Amma da tawadar Baba. Ita kaɗai nake gani."

Tawadar Baba ba irin ta allo ba ce, wadda ake yi da gawayi ana wankewa. Ta takarda ce, baƙa wuluk, tana kama takarda ta zauna. Ya bar mini tulu guda cike, na yi shekaru ina tsakura, bara ta ƙare. Ban damu ba, don na sha tsayawa a kansa yana dafawa: a daka bagaruwa, a jiƙa, a tafasa, a tace, a zuba ƙaro. Na ari tukunyar alminiyam ta uwargida mai ƙyalli, na yi duk yadda na gani. Abin da ya fito launin shayi ne wanda aka yi wa rowar ganye. Na canja bagaruwa, na aika har garin Namtari aka kawo wata. Na tari ruwan sama. Na dafa da alwala, na dafa ina azumi. Sau bakwai, shayi. Na sayo ta kasuwa a kwalba, Adda ta shinshina ta ce warin asibiti take, ga shi tana nashewa a takarda, baƙaƙen su cure, ba ta bambance komai.

Ranar da zan fito daga gidanta rai a ɓace, na yi tuntuɓe da wata tsohuwar tukunya da agwaginta ke wanka a ciki, har farcen babban yatsana ya ɗaga.

"Adda, wannan tarkacen fa?"

"Gadona ne. Kai ka kwashe littattafai, ni aka ba ni tukunya da tabarma. Masu sayen tsohon ƙarfe sun ce in sun zagayo za su ba ni bahon roba biyu."

"Ki ba su ko kyauta," in ji ni, na fita ina ɗingishi.

Na kai kukana wurin abokina Ticha Filibus, mutumin Numan, wanda ya shekara talatin yana koyar da kemistiri a wata sakandare a Jimeta kafin ya yi ritaya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Modibbo, akwai ƙarfe a tawadar babanka."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. "Ticha, tawada ce fa, ba fartanya ba. Da idona na gani, bai taɓa jefa ko allura ba. Addu'a ce yake yi wadda bai koya mini ba."

Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai raba mu: Modibbo Yero, tsohon ɗalibin mahaifina, wanda ya koma Garwa, can ƙetaren iyaka a ƙasar masu Faransanci, tun ina saurayi. Na ce zan je. Ticha ya ce ƙafarsa ƙafata, don yana son ya ga fuskata lokacin da gaskiya za ta fito, kuma wai yana jin Faransanci. Muka yi sharaɗi: wanda aka kayar shi zai ɗauko jakar ɗan'uwansa har gida.

Ƙarshen damina ne, Binuwai ya cika, saboda haka muka bi ruwa. Muka shiga wani dogon kwalekwale mai inji a bakin kogin Jimeta, an loda masa buhunan siminti da robobi da katifu har sama. Ni aka ba ni buhun siminti don girmamawa. Ticha ya samu katifa, ya miƙe kamar ango. Gefena wata 'yar kasuwa ce mai kai atamfa, ta ba ni dafaffiyar gyaɗa, ta ce in yi mata addu'a kada ruwa ya taɓa kayanta. Kanta kuwa ba ta ambata ba.

Bayan azahar jirgin ya hau tudun yashi ya zauna. Mai jirgi ya ce, "Kowa ya sauka, mace ya sauka, malam ya sauka!" Hausar bakin kogi ke nan, ba ruwanta da mace ko namiji. Na naɗe babbar rigata a wuya, na shiga ruwa zuwa gwiwa, muna turawa muna salati. Sai na ji Ticha yana ƙwala mini kira daga kan yashi, ya durƙusa kamar ya tsinci zinariya.

"Modibbo, zo ka ga Binuwai!"

"A cikinsa nake, Ticha!"

"A'a, zo ka ga ƙaraminsa!"

Na je. Ruwan da ke tsiyaya daga tudun ya zana wata 'yar hanya a yashi, tsawonta bai wuce kamu uku ba. Wasu ƙananan hanyoyi suna zuba a cikinta, su ma kowace tana da nata ƙanana, har zuwa waɗanda ba su kai kaurin zare ba. Ticha ya ce in da tsuntsu zai ɗauke ni sama, haka zan ga kogunan Binuwai da Faro da Gongola da 'ya'yansu da jikokinsu. Ya tsinci ganye ya ɗaga wa rana, ga jijiyoyinsa haka. Ya kama bayan hannuna, ga su haka. Ya nuna wata kuka a gaɓa: reshe ya haifi reshe, kowane ƙarami kamar babban aka rage. Ya ce har walƙiya, har huhun da nake numfashi da shi.

Na tuna zayyanar da Baba ke yi a gefen shafi, murabba'i cikin murabba'i, ka duba ƙarami ka ga babba. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah. Marubuci ɗaya ne, shi ya sa hannun bai canja ba."

"Amin," in ji Ticha. "A nan ba mu da gardama."

Muna cikin haka wani ya yi ihu, "Dorina!" Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. 'Yar kasuwar nan, wadda da safe sai da mutum biyu suka kama ta ta shiga jirgi, ta haye shi da tsalle ɗaya. Ni kaina ban san lokacin da na tsinci kaina a kan siminti ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Baƙin abu ya taso ta bayanmu, faffaɗa, yana juyawa a hankali. Katifar Ticha ce ta zame ta faɗa ruwa. Gudun da muka yi kuwa shi ya girgiza jirgin ya sauka daga yashin. Dorinar da kuka ji ke nan. Takalmina na hagu yana can, wataƙila ya kai Numan.

Muka kwana a wani ƙauyen masunta, aka ba mu tuwon masara da miyar kifi mai yajin da ya sa na yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mini. Da hantsi muka isa kan iyaka. Rumfa ce a gaɓa da tuta da tebur, da jandarma, wato ɗan sandan ƙasar, a zaune. Ticha ya gyara wuyan riga, ya wuce gaba, ya saki Faransancinsa. Kalma uku ce, ta ukun ma ashe ban kwana ce. Jandarman ya dube shi, ya dube ni, ya ce da Fulatanci, "Modibbo, abokinka tafiya zai yi tun bai iso ba?" Daga nan har muka dawo ni ne tafinta.

Ya duba takardunmu, ya buɗe gafakata, ya ciro ƙullin dakakkiyar bagaruwa da na ƙaro. Ya ce mene ne. Na ce kayan tawada. Ya lakata ya ɗanɗana, nan take bakinsa ya tsuke kamar bakin zabira. Ticha ya yi tsalle.

"Gaya masa! Wannan baurin da ya ɗaure masa harshe, shi ne mai kama ƙarfe! Gaya masa!"

Ban gaya masa ba. Jandarman ya miƙo takarda ya ce in tawada ce in rubuta ya gani. Na fiddo 'yar kwalbar dahuwata ta bakwai, na rubuta masa addu'ar neman tsari. Ya ɗaga takardar, ya karkata ta, ya kira abokin aikinsa, su biyu suka yi ta nema. Daga ƙarshe ya buga mana hatimi, ya ce cikin tausayi, "Ku wuce, Modibbo. Allah Ya ba tawadarka lafiya."

Garwa gari ne kamar Jimeta da aka yi wa wanka aka sa masa turare. Fulatancinsu namu ne, sai dai suna yayyafa masa Faransanci yadda muke yayyafa wa namu Turanci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba takarda, yana gaisawa da jama'a. Da rana ta take, ofisoshi da manyan kantuna sukan rufe, kowa ya tafi cin abinci, ba wanda ya mutu. Na ce da Ticha wannan al'ada da za a iya sa ta a gafaka da na kawo ta gida. Muka ci gasasshen kifi da wani tuwon rogo da ake naɗewa a ganye. Ticha ya ci biyu da ganyen kafin mai kifin ta lura ta zo ta kwance masa. Na sayi silifa, muka shiga tambaya masallaci masallaci har aka kai mu ƙofar Modibbo Yero.

Tsoho ne ƙwarai, kunne ya yi nauyi, ido ya yi hazo. Aka yi masa ihu cewa ɗan malaminsa ne daga Yola. Ya miƙe yana rawar jiki, ya wuce ni, ya rungume Ticha yana kuka.

"Ɗan Modibbona! Kai, kamar an tsaga kara! Har goshin!"

Ticha ya rungume shi shi ma, yana kallona ta kan kafaɗarsa, yana ɗaga mini gira. Da aka warware, tsohon bai ji kunya ba ko kaɗan, ya ce ai dukanmu 'ya'yansa ne. Ya sauke mu a zaurensa. Da ya ji Ticha Kirista ne kuma malamin makaranta, ya sa aka ƙara masa matashi, ya ce mai koyarwa duk inda ya fito wuyansa na ciwo.

Washegari bayan hantsi na gaya masa damuwata. Na roƙe shi ya dafa a gabana, da bagaruwata da ƙarona, kada a ce kayan ne. Ya sa aka hura wuta a tsakar gida, aka ɗora wata baƙar tukunya. Ya zuba, ya fara juyawa, sai na ga leɓɓansa suna motsi. Na ce a raina, ga addu'ar! Na zaro takarda da alƙalami, na matso, na kai kunnena daf da gemunsa. Ga abin da na ji:

"Wayyo gwiwata. Itacen nan ɗanye ne. Wayyo gwiwata."

"Baffa," na yi ihu, "addu'ar fa?"

"Bisimilla mana! Akwai wata?"

Na leƙa tukunya. Ruwan da a gidana yake tsayawa a shayi, a nan ya wuce shayi, ya yi toka, ya yi shuɗi mai duhu, yana tafiya zuwa baƙi ina kallo. Ticha ya miƙe. Ya zagaya murhun sau biyu kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sai ya karɓi ludayin, ya kankari cikin tukunyar daga sama inda ruwa bai kai ba, ya shafa a tafin hannunsa, ya buɗe mini. Ja. Tsatsa.

Ban taɓa ganin dattijo mai jikoki ya yi rawa irin ta ranar ba. Rawar mutanen Numan ya yi a tsakar gidan Modibbo, matan gida suna leƙe ta bayan zana suna guɗa.

"Ba ya jefa ƙarfe a tukunya," yake waƙa, "tukunyar ce ƙarfen!"

Na ce ban yarda ba sai na ga hujja. Ya sa aka jiƙa sabuwar bagaruwa a ƙwarya, ya tace a kofunan shayi biyu na gilashi. Ɗaya ya bar shi haka. Ɗaya ya jefa masa tsohuwar ƙusa da ya zare daga ƙyauren zaure. Muna jira yana yi mini karatu. Ya ce kowane abu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Na ce zarra, mun san ta. Ya ce to kowace irin zarra tana da hannuwa, wata ɗaya, wata biyu, wata fiye, kuma ba kowa take ba hannu ba. Baurin bagaruwa in ya gamu da zarrar ƙarfe sai ya riƙe ta ta ko'ina, su zama wani abu na uku, ba ƙarfe ba, ba bagaruwa ba, mai shanye haske. Abin da ya shanye haske kuwa shi ido ke kira baƙi.

Na ce, "Kamar baƙaƙen ajami ke nan. Wani yana haɗuwa gaba da baya, wani kamar alif ya karɓi hannu ta dama ya ƙi bayarwa ta hagu. In sun haɗu kuma sai kalma ta fito, wadda ba ta cikin ko ɗayansu."

Ya ce, "Shekara talatin ina neman wannan misali, ashe yana Yola Gari yana shan shayi."

Na ce, "Alminiyam fa?"

"Shi ma yana ba da hannu. Amma abin da suke haifa ba shi da launi."

Kafin la'asar wani baƙin hayaƙi ya fara tashi daga jikin ƙusar a cikin ruwan, yana rassa, kowane reshe yana fidda ƙanana. Na ce, "Ticha, ga Binuwai kuma." Ɗaya kofin yana nan shayinsa.

Na tambayi tsohon inda ya samu tukunyar. Ya ce, "Mahaifinka ya ba ni ranar da zan bar Yola. Ya ce kada in dafa tawada a wata. Ban tambayi dalili ba, a zamaninmu ba a tambaya. Tagwaye ne, wani maƙeri ya yi masa. 'Yar'uwarta tana gidanku."

Sai babban yatsana na ƙafa ya yi zugi. Na hango agwagin Adda a raina. Na ji muryata tana cewa a ba su ko kyauta.

Ticha ya ce in kwantar da hankali, ko ƙusa ma ta isa. Na ce ƙusa ta isa tawada, amma ba ta isa Adda ba, kuma ba ta isa ni ba. Na kira wayar Adda, a kashe, kamar kullum, don a cikin kwanon gero take ajiye ta. Da asuba muka yi sallama. Tsohon ya riƙe hannuna ya ce, "In ka rubuta ka ga ta yi fari, kada ka tsorata. Sabuwar tawada sai ta sha iska."

Ba mu jira jirgi ba, muka biyo ƙasa: mota, babur, kwalekwalen tsallake Faro, wani babur, sannan wata mota daga Gurin wadda ƙofarta igiya ce. Jaka biyu a wuyana, don sharaɗi sharaɗi ne, kuma sai a ranar na gane Ticha ya cika tasa da dogon burodi da duwatsun da ya tsinta a bakin kogi. Duk inda muka tsaya sai ya ce da mutane, "Ku gaida ɗan dakona, malami ne babba."

Muka isa Njuwa da yamma. Tun daga nesa na hango kurar ɗaukar kaya a ƙofar gidan Adda, an loda mata tsofaffin ƙarafa, ga wani mutum yana kwance bahon roba daga igiya. Na yar da jakunkuna na sheƙa. Mutanen unguwar sun ce ba su taɓa ganin Modibbo yana gudu ba, har wasu suka biyo ni suna tambaya ina gobarar. Na tarar da tukunyar a hannun mutumin, ruwan agwagi na ɗiga. Na rungume ta da babbar rigata.

"Ba ta sayarwa ba ce!"

Adda ta fito tana lalube. "Wa nake ji kamar Sa'adu? Ba kai ka ce in bayar ko kyauta ba?"

Na zauna a ƙasa ina haki, na ba ta labari. Ta saurara, ta kama haɓa.

"Wato ka tsallake iyaka, ka zubar da takalmi, ka bar ƙasa da mutuncinka ka dawo ɗan dako, don neman abin da agwagina ke wanka a ciki?"

"Haka ne, Adda."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Mai kura ya mayar da bahonsa yana gunaguni, agwagi kuma suka bi ni da tsiwa har bakin hanya.

Na wanke ta sama sama, Ticha yana tsaye a kaina kada in kankare tsatsar. Na dafa, na tace, na bar ta kwana uku. Ran Juma'a da safe na feƙe sabon alƙalami mai faɗin baki, na zauna a tsakar gidan Adda, na rubuta shafin farko da baƙaƙe manya kamar yatsu. Ta fito toka toka. Duk da gargaɗin tsohon, na ce shi ke nan, wahalar banza na sha. Ticha ya ce iska ma tana da nata hannun da za ta bayar, in ba ta lokaci. Na ɗora dutse a kan takardar, na tafi masallaci, kuma Allah Ya gafarta mini, rabin huɗubar a tsakar gidan Adda na ji ta.

Da na dawo na tarar da ita zaune a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, takardar a hannunta, baƙa wuluk. Ta kai ta hanci tukuna, ta daɗe. Sannan ta kai ta daf da idon hagu, ta ɗora yatsa a kan baƙin farko, ta fara rerawa da irin muryar da Baba ke rerawa. Ta kai ƙarshen shafi ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ticha ya cire hularsa. Ni kuwa na shiga duban agwagi, don wani abu ya faɗa mini a ido.

Ta sauke takardar ta ce, "To me kake jira? Saura shafi arba'in da ɗaya, kuma idon nan ba jiranka zai yi ba."

Mun gama a kwana goma sha tara, ta karance shi duka, wasu shafukan sau biyu. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya sa wa ƙarfe hannu, Ya sa wa bagaruwa hannu, Ya haɗa su. Wannan labari ma da tawadar na rubuta shi. Tukunyar kuwa Adda ta ce aro ta ba ni, gadonta ne, kuma sai da na saya wa agwagi baho.